Mil Biyar da Suka Rage

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, da ranar da na tura sabon babur mil biyar cikin yashi, lafiyarsa lau, tankinsa cike da mai, ga kuma dattijo zaune a kansa. Waɗanda suka ji labarin a bakin mutanen Kurfi sukan yi dariya, ban kuma hana su ba, don abin ya cancanci dariya. Ni dai in na tuna, ba na iya taya su.

A shekarun farko na samun mulkin kai ne, ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma. Lissafi nake koyarwa (ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba). Baburan garin a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu, don haka ranar da na shigo da nawa daga Katsina, ja, yana sheƙi, sai na ji kamar an ƙara mini tsawo. Kamfanin da ya sayar mini ya haɗa ni da wani ɗan littafi na Turanci. Yawancin mutane sukan jefa irinsa ƙasan akwati. Ni kuwa na karance shi kaf, na ja layi da jan biro, har na gyara wa mawallafin waƙafi a wuri biyu.

A shafi na uku aka rubuta dokar da ta zame mini ƙaya. Dole a mayar da babur wurin kamfani a yi masa sabis na farko kafin ya cika mil ɗari biyar, a buga hatimi a littafin. In aka wuce, ko wani makanike na daban ya taɓa injin, garanti ya faɗi, wato ba ruwan kamfani da duk abin da ya same shi. Na haddace wannan sakin layi kamar zan ba da hadda.

Gidan da na fara kai babur ɗin shi ne na Malam Barau. Shi ya ɗora mini allo tun ina ɗan shekara biyar, kuma aminin mahaifina ne. A lokacin ya tsufa, sanyin ƙashi ya cinye masa gwiwoyi, da ƙyar yake kai kansa masallacin ƙofar gida. Ya fito yana dogara sanda, ya zagaya babur ɗin a hankali, ya yi addu'a ya tofa a kan tanki.

"Wannan shi ne dokin da ba ya cin dusa?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam. Daga nan zuwa Katsina, kafin a sauke tuwo."

Sai ya gaya mini abin da ke ransa. Akwai ɗaurin aure nan da wata biyu a wata unguwa ta wajen Rawayau, mil shida daga Kurfi. Amaryar, Hure, ɗiyar marigayi Malam Iro ce, abokin karatunsa tun suna samari. Ranar da Malam Iro zai cika, ya riƙe masa hannu ya ce, in lokacin yarinyar ya yi, shi yake so ya ɗaura da bakinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam yana ɗauke da wannan magana.

"Abin da nake tunani shi ne ƙafafun nan," in ji shi.

Ni kuwa, da yake sabon doki yana sa baki sauƙi, sai na ce, "Malam, ka bar wannan a hannuna. Ni zan kai ka, in kuma dawo da kai."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Na huta ke nan."

Babur ya yi ta cin hanya. Da agogon mil ya nuna ɗari uku da talatin da biyar, na nemi izini wurin hedimasta na nufi Katsina, tafiyar mil arba'in. Na tarar da akawun kamfanin a bayan kanta, wani siririn mutum mai fensir a kunne da ladabi kamar na ɗan fada. Ya ce makanikensu ya tafi Kano koyon sabon inji, in dawo bayan mako biyu. Na nuna masa shafi na uku. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce lalle doka ce, kuma ya ji daɗi da aka sami mai karanta ta. Na koma gida da wannan yabo, da ƙarin mil tamanin.

Bayan mako biyu na sake zuwa. Wannan karon makanike yana nan, na gan shi da idona yana cin rake a inuwa. Sai dai hatimin yana cikin aljihun teburin manaja, manaja kuwa ya tafi hutu da mabuɗin.

"To a yi sabis ɗin, a buga hatimin daga baya mana," na ce.

"Ai Tica, kai da ka san doka. Sabis babu hatimi kamar ba a yi ba ne," in ji akawu.

"To in bar babur ɗin a nan."

"Ba mu da wurin ajiya, sai dai waje, a rana. In wani abu ya ɓace kuma ba mu ɗauki nauyi ba." Ya ɗan sunkuyo kamar mai ba da sirri. "Ka koma ka kwantar da hankalinka. Da manaja ya dawo, motarmu za ta bi ta Dutsin-Ma, makanike da hatimi duk a ciki. Har ƙofar gida. Kai dai kada ka wuce ɗari biyar."

Da na iso gida, agogo yana nuna ɗari huɗu da casa'in da biyar. Wato sabis ɗin da ba a yi ba ya cinye mini mil ɗari da sittin, ya bar ni da biyar. Na shigar da babur zaure, na lulluɓe shi da tsohon zane, na koma zuwa makaranta a ƙafa. Na aika wasiƙa biyu. Amsa ɗaya ta zo, mai layi uku, tana cewa suna sane da ni. Duk motar da ta tsaya a bakin kasuwa sai na leƙa. Abokan aiki suka fara tambayata ko babur ɗin takaba yake yi.

Saura mako guda biki, Sada, ƙanin marigayi Malam Iro kuma waliyyin amarya, ya zo Dutsin-Ma takanas. Ya roƙi Malam ya bari a zo da jaki a ɗauke shi tun da sauran kwana biyu, a yi tafiyar a hankali, ana yada zango. Malam ya ce a'a, ya riga ya yi magana da ɗansa mai babur. A gabana aka yi wannan. Da ina da hankali, nan ne wurin buɗe baki. Amma Sada ya juyo ya dube ni da irin kallon da ake yi wa manyan mutane, sai na gyara zaman hulata na ce, "Ƙwarai kuwa."

Mai ɗakina ta ga abin da ban gani ba. Ta ce, "Malam, ɗayan biyu ne. Ko ka hau abinka ka kai tsoho, ko ka je yau ɗin nan ka gaya masa gaskiya ya nemi jaki." Na yi mata bayanin garanti dalla-dalla, har da fassara. Ta saurara har na gama, ta ce, "Shi garantin nan ya taɓa zuwa gaishe ka?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige. (Ba ta yi boko ba, abin da na gaya wa kaina ke nan a lokacin.)

Ana gobe biki na zauna da takarda da fensir, na warware matsalar yadda nake warware ta 'yan aji shida. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, a ɗora babur a motar lodi, mu ma mu shiga: babu mil ko ɗaya da zai ƙaru. Daga Kurfi zuwa unguwar mil shida ne, babu hanyar mota. A nan ne hazaƙata ta bayyana. Na ce, ai abin da kamfani ke tsoro shi ne wahalar inji. Injin da ba a tayar ba kuwa bai yi tafiya ba. Don haka in Malam ya zauna na tura, ba a ci komai ba. Zan tura mil biyar, in tayar a na ƙarshe don mu shiga unguwa da mutunci. A dawowa in hau uku, in tura uku, in ajiye mil guda saboda halin yau da gobe. Lokaci kuwa ba matsala, littafin lissafi ya ce mutum yana tafiyar mil uku a awa guda. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Da sassafe na ɗauko Malam. Ya sa farar riga wadda ban taɓa ganin ya sa ba, da rawani, ya rataya gafakarsa. Da ya ga ana ɗaure babur a bayan mota ya dube ni. Na ce don kada hanya ta jijjiga shi ne. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa tun bayan wadda na ce akuya ce ta lashe mini allo.

Mota ta sauke mu a Kurfi wajen ƙarfe takwas, ɗaurin aure kuwa da hantsi, ƙarfe goma ga masu agogo. Na taimaka masa ya hau, ya zauna a karkace kamar yadda gwiwoyinsa suka yarda. Na kama hannun babur, na dafa kujera, na fara turawa.

Mutumin da ke cikin littafin lissafi, na gane daga baya, ba ya tura babur, ba ya ɗauke da dattijo, kuma ba a bazara yake tafiyarsa ba. Mil na farko ya zo da sauƙi. Daga nan ƙasa ta koma yashi. Ƙafar gaba ta riƙa nutsewa, ina turawa tana noƙewa. Rigata ta jiƙe ta manne a bayana. Takalmina na kanti, wanda na goge da asuba, ya cika da rairayi. Muka ketare wani busasshen rafi, wanda ya ci mana abin da ya fi rabin awa shi kaɗai.

A nan ne Malam ya yi magana, sau ɗaya tak.

"Ɗana, ba za a tashe shi ba?"

Ina haki na ce, "Akwai doka, Allah gafarta Malam. Mil biyar suka rage masa. Sai mun kusa."

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwarmu a ƙasa, ya ce, "To. Kai ka san dokinka." Ya ciro carbi. Ya shiga ja.

Wani Bafillace mai kora shanu ya tsaya ya bi mu da kallo, ya yi wa Malam barka da hantsi, ya tambaya ko man ne ya ƙare. Na ce a'a. Ko ya mutu ne? Na ce lafiyarsa lau. Ya daɗe yana nazarin wannan amsa, sannan ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya bi shanunsa. Agogon hannuna ya nuna goma, na ce a raina ai ɗaurin auren ƙauye ba ya bin agogo. Ya nuna sha ɗaya, na ce ai ba za su fara ba sai Malam ya zo. Kun ga, ko a nan ma ga ƙarfen tayar da inji kusa da ƙafata, bugu ɗaya ya isa. Ban buga ba. Na riga na sha wahala da yawa, ban iya yarda ta tafi a banza ba.

Rana ta kusa tsaka muka kai wata tsamiya, inda ta lissafina mil biyar suka cika. Daga nan ana hango rumbunan unguwar. Na jingine babur, na share fuska, ina shirin tayarwa, sai ga jama'a suna fitowa ta hanyar: wasu a kan jakuna, wasu a keke, yawanci a ƙafa, bakin kowa ja da goro. Ba sai an gaya wa mutum ma'anar wannan ba.

Suka gane Malam, suka yi ta durƙusawa suna gaisuwa. Wani ya koma da gudu, can sai ga Sada. Ya tsuguna a gaban babur, ya kasa ɗaga ido.

"Allah gafarta Malam, mun jira. Wallahi mun jira har mutanen ango suka fara maganar komawa, nesa suka fito. Muka ce ko jikin ne ya motsa. Liman ya ɗaura."

Na dubi Malam. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi.

"Ya ɗauru ke nan," ya ce a hankali. "Allah shi sa albarka, shi ba su zaman lahiya."

Aka ce amin. Sai wani dattijo ya dubi babur, ya dube ni jage-jage da gumi, ya ce, "Malam Tica, lalacewa ya yi a hanya?"

Da na ce e, da an tausaya mini, an wuce wurin. Amma malamin makaranta in ya ga jama'a sun yi shiru suna kallonsa, ba ya iya hana kansa ba da darasi. Na ciro ɗan littafin daga aljihu. Na yi musu bayanin sabis na farko, da hatimi, da garanti. Na bayyana yadda na gano cewa injin da ba a tayar ba bai yi tafiya ba, da yadda ta wannan dabara na tsare mil biyar ɗina cif. Har na nuna gilashin agogon da yatsa, ban ko duba shi ba. Mutum ba ya duba abin da ya riga ya ja wa layi biyu.

"Ɗana," in ji Malam. "Waɗanga lambobi na cikin gilashi, su ne kake tattali?"

"Su ne, Allah gafarta Malam."

"Ai tun daga Kurfi suke juyawa."

Na sunkuya. Biyar, sifili, sifili. Agogon ashe ba ruwansa da inji, da ƙafar gaba yake aiki. Ko tayarwa ka yi, ko turawa, ko jaki ne ya ja, shi dai in ƙafa ta juya ya ƙirga. Na cika mil ɗari biyar da ƙafafuna, taku bayan taku, ina kan hanyar guje musu.

Babu wanda ya yi dariya, saboda Malam na wurin, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wani ya yi tari. Wani ya shiga gyara wa jakinsa akumari da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Malam, mi ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ɗauka ka sani. Na ce ko wani ilmi ne na boko." Ya mayar da carbi aljihu. "Tashe shi mu ƙarasa, in sa wa yarinya albarka."

Bugu ɗaya ya tashi. Mil ɗin ƙarshe bai ɗauke mu minti biyar ba.

Aka shigar da Malam cikin gida, ni na tsaya a zaure. Ina jin muryarsa daga ciki yana yi wa Hure addu'a, yana ambaton sunan mahaifinta, sai muryar ta yanke, aka ɗan jima kafin ta ci gaba. Aka kawo mini fura, na kasa sha. Da la'asar na ɗauko shi a kan babur har ƙofar gidansa a Dutsin-Ma, mil ashirin da wani abu, ba tare da na dubi gilashin nan ko sau ɗaya ba. Da na sauke shi na durƙusa zan ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Ka ce za ka kai ni, ka kuwa kai ni. Je ka ka jiƙa ƙafafunka."

Motar kamfani ba ta taɓa zuwa Dutsin-Ma ba. Bayan mako uku na kai kaina Katsina, agogo ya haura ɗari shida, da wasiƙar neman afuwa shafi biyu a aljihu, wadda na sake wa kwafi sau uku. Manaja ya dawo. Makanike ya karɓi babur, ya zubar da baƙin mai ya zuba sabo, ya ɗaure kusoshi, ya ja sarƙa. Kafin in gama gaisawa da akawu ya gama. Bai ko kalli agogon ba. Akawu ya buɗe littafina, ya buga hatimi, ya ciro fensir daga kunne, a gurbin mil ya rubuta ɗari biyar.

"Ai ya wuce," na ce. "Ɗari shida da bakwai ne."

"Kowa ɗari biyar muke rubuta masa, Tica. Abin da takardar ke so ke nan."

"Kai ka ce kada in wuce."

"To ai haka ake faɗa." Ya hura hatimin don ya bushe, ya miƙo mini da hannu biyu. "Allah ya kiyaye hanya."

Babur ɗin ya yi shekara tara a hannuna, ban taɓa neman garantin nan ba ko sau ɗaya. Malam Barau kuwa bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Mahaliccinsa, bayan shekara biyu. Gaisuwarmu ba ta canja ba, addu'arsa gare ni ba ta ragu ba. Abu ɗaya kawai na lura da shi: daga ranar, duk inda za shi, ko da ina tsaye a ƙofar gidansa da babur a kunne, sai ya aika a ɗauro masa jaki.

Littafin yana nan a akwatina, da hatiminsa da jan layina a shafi na uku. Na tsare dokar mutanen da suka saɓa mini sau uku, na saɓa wa mutumin da ya riƙe magana shekara goma sha ɗaya. Tun daga lokacin, in alkawari biyu suka haɗu mini a hanya, nakan fara da wanda ba a buga wa hatimi ba. In kuma mai ɗakina ta ce ɗayan biyu ne, ba na neman na uku.